Ɓatan Kili a Ruwan Godiya

Da gari ya waye a Ruwan Godiya, aka iske turken Alhaji Lawwali babu doki. Igiyar tana nan yashe a ƙasa, ba yanka ta aka yi ba, kwance ta aka yi a tsanake. Kafin hantsi labari ya game gari cewa an sace Kili, farin dokin da babu na biyunsa tun daga Faskari har Sabuwa. Kafin azahar kuwa, mutane sun gama yanke wa kansu hukuncin wanda ya sace shi.

Gide ne, in ji su, Bafillatanin da ya daɗe da kafa ruga a bakin rafi. Sawun dokin can ya nufa, kuma kowa na tune da cewa bara shanunsa sun faɗa gonar Alhaji har an yi musayar baƙaƙen maganganu. Samari suka je suka taso shi gaba, aka ɗaure shi a zauren Mai Gari. Mai Gari ya ce in motar 'yan sanda ta zo daga Faskari ba a ga doki ba, a cikinta za a jefa Gide, rugarsa kuma ta tashi daga ƙasar nan. Sai dai da yake mutum ne mai tsoron ɗaukar alhaki, ya aika a kira Malam Nata'ala, mai bin sawu.

Nata'ala ya zo yana dogara sanda. Ya tsufa, gwiwoyinsa sun fara ƙi masa, zamani ma ya fara ƙin sana'arsa. A shekarun nan da kuɗin man fetur suka malalo, ɓarawo ya daina kora dabba ta daji. A mota yake loda ta ya hau kwalta, kwalta kuwa ba ta riƙe sawu. Ya daɗe yana fatan a manta da shi, amma bai iya cewa a'a ba alhali akwai mutum a ɗaure.

Kuɗin man nan su suka kawo baƙin da ke garin. Wani ɗan kwangila can birni ya so a ɗauki majigin yaƙin da kakansa ya yi, ya turo mutane da na'urori cike da mota, suka sauka a makarantar firamare. Suka ce a majigi babu dokin da ke fita kamar fari. Saboda haka suka ari Kili, suka naɗa wa Harisu, ƙanen Alhaji, rawani, suka rataya masa takobi, ya zama jarumin. Kullum da safe sai su fita kwazazzabon yamma da gari, inda aka hana kowa zuwa don kada a ɓata musu ɗauka.

Nata'ala ya tsaya a bakin turke ya dubi mutanen gidan.

"Wa ya ɗaure shi jiya?"

"Ni, Baba," in ji Harisu. "Da magariba na shigo da shi, gari duka sun gan ni. Ya yi gumi, na bar mashi mayafi a baya, na ce kada kowa ya taɓa shi sai ya huce."

"Alhaji, kai ka gan shi?"

"Ina Funtuwa, ban dawo ba sai bayan isha'i. Na hango shi daga ƙofa, fari fat, yana tsaye." Alhaji ya share fuska da hannun riga. "Malam, wanga doki tun yana dukushi na saye shi. Ka nemo mani shi, ko da ƙashinshi ne."

An share gindin turken tas, babu abin karantawa. Akwai ɗan fari-fari a jikin itacen, amma da yake an shafe bangon gidan da farar ƙasa saboda baƙi, Nata'ala bai ba shi muhimmanci ba. Daga ƙofar gida ne sawu ya fito sarai a ƙasa mai danshi. Ya durƙusa da ƙyar ya duba. Kofaton baya na hagu yana da tsaga a gefe.

"Kili na da tsaga a kofato?"

"Dutsen kwazazzabo ne ya tsaga shi shekaranjiya," Harisu ya amsa da sauri.

Nata'ala ya sa aka kawo masa tsohon kasko, ya kifa a kan sawun kamar yadda ya saba, ya ce kada wanda ya ɗaga.

Yana shirin tafiya sai Hajiya Nana, mahaifiyar su Alhaji, ta leƙo daga zaure. Sa'arsa ce, kuma yanar ido ta rufe mata gani rabi.

"Malam Nata'ala, ashe ba ka mutu ba?"

"Ina jira ki fara, Hajiya, in bi sawu."

"Za ka daɗe kana jira." Ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Ni ke kai mashi dusa da kanwa kowace yamma. Da ya ji takuna yake haniniya. Jiya na kai, ko kallo ban ishe shi ba, sai ma ya kau da kai. Na ce to, 'yan birni sun koya mashi girman kai."

Sawun ya bi bayan gari ya gangara rafi, tare da sawun mutum mai takalmin roba, irin wanda kowane saurayi ke sawa a shekarar. A bakin rafin duka biyu suka shiga ruwa. A wancan tsallaken shanun Gide sun tattake komai da safe. Nata'ala ya hau ya gangara, ya hau ya gangara, har rana ta yi masa zafi, bai sake ganin tsagar ba.

Ya koma zauren Mai Gari. Gide na zaune a jingine da bango, igiya ta kumbura masa wuyan hannu.

"Gide, ka ji motsi da asuba?"

"Karnuka sun yi haushi, Malam, na ɗauka kura ce. Ni doki mi zai yi mani? Ba a tatsarshi, ba ya ƙoshi sai da hatsi. Kuma fari! A cikin shanu ina zan ɓoye shi?"

"Kun yi faɗa da Alhaji."

"Mun yi, na biya ɓarna, ya karɓa. Ɗiyana duka a bakin rafin nan aka haife su. Uwata nan aka rufe ta." Ya ɗaga hannuwansa ɗaure. "Waɗanda suka yi mani wannan, nonon rugata suka sha suka girma."

 Nata'ala ya roƙi a sassauta igiyar, aka ce sai Mai Gari ya dawo daga gona.

A makarantar firamare ya iske Malam Sanusi, shugaban masu majigi, zaune a kan bencin yara, idanunsa jajur don rashin barci. Ya karɓe shi da ladabi, har ya miƙa masa lemon kwalba.

"Mun gama da doki, Baba. Abin da ya rage ɗaukar mutane ne. Harisu ne ya tafi da shi da yamma."

"Mi dokin ke yi a majiginku?"

"Gudu. Sai kuma a ƙarshe a harbe shi ya faɗi da jarumin."

"Doki na faɗuwa don an ce ya faɗi?"

"Akwai dabara," in ji Sanusi, yana kallon kwalbar da ke hannunsa.

Nata'ala ya nemi ganin kwazazzabon. Sanusi ya ce kayan aikinsu na can, kuma da Mai Gari aka yi yarjejeniyar hana shiga. Tsoho bai ja ba. Sawun da yake bi rafi ya nufa, ba kwazazzabo ba.

Washegari wani direban mota ya rantse ya ga farin doki a Kankara, a hannun wani baƙo. Gari ya ɗauka, aka ce ai ga shi, 'yan'uwan Gide sun riga sun tsallake da shi. Nata'ala ya hau bayan motar kaya, a kan buhunan dawa, ya sha girgiza har ƙashinsa ya yi tsami. Abin da ya tarar a Kankara wata tsohuwar goɗiya ce ta mai tallan kanwa, bayanta duk gyambo, kofatanta kuwa babu mai tsaga. Ya kwana a tasha yana tunanin Gide da igiya, yana tunanin ko lokaci ya yi da zai gaya wa mutane cewa ya daina gani.

A hanyar komawa motar ta tsaya a Yankara, ranar kasuwa. Ya sauko don ya sayi man shafawa a gwiwa. Yana ratsa layin masu gishiri, kansa a ƙasa kamar kullum, sai ya tsaya cik. Inda wata mai fura ta zubar da ruwa, ga sawun doki, kofaton baya na hagu, da tsaga a gefe.

Ya manta da gwiwa. Ya bi shi ta tsakanin rumfuna, ya ɓace a wurin masu tukwane, ya sake fitowa a bayan mahauta, har ya kai shi gindin wata tsamiya a gefen kara, inda ake cinikin dabbobi. Ya ɗaga kai yana jiran ganin Kili. Dokin da ke ɗaure a wurin ja ne.

Ya daɗe tsaye, don ya zaci idon ne ya ci amanarsa. Sannan ya matsa ya ɗaga ƙafar. Tsagar tana nan, tsohuwa ce, bakinta ya daɗe da goguwa. Ya shafa wuyan dokin, ya ji fatar duk ƙuraje. Ya sa yatsu cikin geza har gindin gashi, ya fito da su fari.

"Baba, saye za ka yi ko shafa?" Wani gajeren mutum ne mai goro a baki. "Shafa ma da kuɗinta. Barau nake, daga Daudawa."

"Mi ya sami dokinka, Barau?"

"Masu majigi suka same shi. Suka ce farin dokinsu ya gaji da gudu, in ba su nawa su shafe shi da farar ƙasa da ƙaro, daga nesa ba mai ganewa. Na ce to, in ja na iya zama fari, ni ma a shafa mani in yi sabon aure. Ƙanen Alhajin nan ya dawo mani da shi da sanyin safiya, jiƙe sharkaf, wai ya wanke shi. Ka ga wankin. Tun ranar yake susa, shi ya sa na kawo shi in nemi magani."

"Wace safiya?"

Barau ya faɗa. Safiyar da aka iske turke babu doki ce. Nata'ala ya zauna a saiwar tsamiya. Bai ji daɗin da yakan ji a dā ba in sawu ya buɗe. Ya gane cewa tun farko ba sawun Kili yake bi ba, ya kuma gane inda Kili yake.

Ya lallashi Barau ya biyo shi da dokin. Motar 'yan sanda ta riga su isa Ruwan Godiya. Nata'ala ya roƙi Mai Gari a tara mutane a ƙofar gidan Alhaji Lawwali kafin a tafi da kowa. Aka fito da Gide a ɗaure. Aka kira Sanusi daga makaranta. Harisu ya tsaya a bayan wansa, da ya hango Barau na janye da jan doki sai ya dafa bango.

Nata'ala ya sa aka yayyafa ruwa a ƙasa, aka ratsa da dokin ta wurin. Sannan ya ɗaga kaskon da ya kifa.

"Ranka ya daɗe, ga sawun da ya fita daga gidan nan, ga na wanga doki. A duba."

Mai Gari ya duba, kofur ɗin 'yan sanda ya duba, Alhaji ya durƙusa ya daɗe yana dubawa.

"Ɗaya ne," in ji Alhaji a hankali. "Amma ni fari na gani."

"Fari kowa ya gani. Buɗe gezarshi."

Alhaji ya buɗe. Ya dubi yatsunsa.

"Dokin da ya shigo gari da magariba shi ne wannan, da farar ƙasa a jiki da mayafi a baya," in ji Nata'ala. "Shi ya ƙi dusar Hajiya, don bai san ta ba. Da asuba aka kai shi rafi aka wanke, aka bi ta cikin ruwa da shi aka mayar Daudawa. Babu wanda ya saci Kili daga turken nan, don ranar bai kwana a nan ba. Harisu, ɗana, ka faɗa da bakinka, ya fi in faɗa."

Harisu ya zame ya zauna a ƙasa. 

"Igiya ake ɗaura mashi a ƙafafun gaba, doguwa, a kafe ta a turke. Sai in sako shi da gudu, in igiyar ta ƙare ta fizge shi ya kifa. Na farko suka ce gajimare ya rufe rana. Aka sake, suka ce ya faɗi nesa da na'ura. Ya fara ƙin gudu, Yaya, ya gane. Ni na sa mashi ƙaimi. A na ƙarshe ya faɗi bai tashi ba, ƙashin ƙafar ya huda fata ya fito. Na yanka shi don kada ya daɗe yana shan wuya. Can muka rufe shi."

"Mi ya hana ka faɗa mani?"

"Na ji tsoron idonka. Na ce in an ce sata ce, za ka yi baƙin ciki ka haƙura."

"Gide fa?" in ji Mai Gari.

"Ban ce shi ne ba, ranka ya daɗe. Mutane suka faɗa, na yi shiru."

Sanusi ya matso, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Ni na ce a sake, Alhaji, ba zan ɓoye ba. Wanda ya aiko mu ya ce faɗuwar nan ita ce majigin, in babu ita kada mu dawo. Kuma na san an ɗaure bawan Allah nan, na zauna ina jira abin ya wuce da kansa." Sannan ya ƙara da abin da ya san zai yi aiki. "Zai saya maka wani dokin. Za a kuma rubuta sunanka da na garin nan a farkon majigin."

Alhaji ya juya ya shiga gida. Amma taron ya ji. Wani daga baya ya tambaya ko za a kawo majigin nan garin a nuna. Wani ya ce, to faɗuwar dai ta fito da kyau? Sanusi ya ce ta fito. Samari suka kewaye shi suna tambayar wa da wa za a gani a ciki. Kofur ya ce tunda babu sata, kuma dabba ce ta mutu a wurin aiki, magana ta zama ta cikin gida. Ya karɓi goro, suka shiga mota suka tafi.

Gide na nan tsugune inda aka ajiye shi. Babu wanda ya tuna da igiyar. Nata'ala ya durƙusa yana kwance ƙullin, ƙullin ya ƙi, sai da ya ari wuƙar Barau.

"Sannu, Gide."

"Yawwa, Malam. Allah ya saka." Ya miƙe yana murza hannu. Ya dubi bayan samarin da suka kamo shi, ya ɗan jira. Babu wanda ya waiwayo. Ya ɗauki malfarsa ya gangara rafi.

Da la'asar Nata'ala ya raka Alhaji kwazazzabo. Ba su sha wuyar nema ba, karnuka sun riga sun tona gefe guda. Turken igiyar na nan a kafe, ƙasar gabansa duk ta kwarzane inda dokin ya yi ta kifawa. Alhaji ya roƙe shi ya karanta masa abin da ƙasar ta ce. Nata'ala ya karanta a zuciyarsa, ya ga inda Kili ya turje, ya ga inda aka tilasta shi, ya ga inda ya yi ta ƙoƙarin tashi da ƙafa uku. Ya ce wa Alhaji iska ta ɓata sawun. Suka mayar da ƙasa da hannu, suka ɗora duwatsu.

Kashegari matan gari suka jira masu tallan nono har hantsi, ba su zo ba. Aka je bakin rafi aka iske bukkoki a buɗe, toka ta huce, babu ko ɗan maraƙi. Mai Gari ya sake aikawa a kira Nata'ala.

"Malam, ka bi mana shi. Ka ce ya dawo, komai ya wuce. Ga kaka ta zo, gonaki na son taki."

Nata'ala ya je ya tsaya a tsohuwar rugar. Sawun garke ya fita da faɗi ya miƙe kudu, wajen Sabuwa, ko makaho zai iya bi da sanda. Babu gaggawa a cikinsa. A gefen kabarin mahaifiyar Gide akwai sawun mutum ɗaya da ya daɗe a tsaye, sannan ya bi bayan shanu. Tsoho ya jingina da sandarsa har ƙafafunsa suka gaji, ya juya ya hau gari.

"Ka gano inda suka yi?" in ji Mai Gari.

"Na gano, ranka ya daɗe. Sawu na nan a fili, ba ya bukatar mai bin sawu. Waɗanda suka ɗaure shi su bi."